Murhu na Hagu

Tun ranar da muka binne matata Noreen ban sake kama kifi ba. Ba zuwa na daina ba. Bazara biyu na yi ina hawa tudu da sandar fatsa, in tsaya cikin ruwa har gwiwa kamar zalɓe mai ciwon wuya, in dawo gida da jaka wayam. Mutanen garinmu Deloraine, a tsibirin Tasmania, da yake suna da irin kirkin nan mai sa ka ji kamar ka shaƙe mutum, sai suka ce baƙin ciki ne ya kashe mini hannu. Hannuna lafiyarsa lau. Har gobe ina iya ajiye ƙudan fatsa a cikin hular mutum daga tsallaken titi. Ido ne ba ni da shi, kuma ban taɓa samunsa ba.

A tafkunanmu na kan tudu ba a jefa ƙugiya a zauna jiran rabo. Ruwan garau yake, da wuya ya wuce cinya, kifin tiraut kuwa yana kiwo a hankali a gefen gaɓa, launinsa launin ƙasan tafkin. Sai ka gan shi tukuna, sannan ka ajiye masa ƙudan ƙarya, ɗan ƙulli na gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya, a gabansa kaɗan, ba tare da shi ya gan ka ba. Wanda bai iya gani ba, wanka kawai ya kai igiyarsa.

Shekara talatin da wani abu Noreen ce idona. Takan hau dutse a bayana, rana a ƙeyarta, da malafarta da baƙin tabarau mai yanke ƙyallin ruwa, ta yi tsit kamar an dasa ta. Ni ina ƙasa ina kallon abin da kullum nake gani a ruwa, wato sama da gajimare da fuskata. Can sai in ji muryarta, ƙasa-ƙasa, kamar mai tambayar ko a ƙara gishiri.

"Yana taga. Yana tahowa tebur."

Ba ta taɓa ce mini hagu ko dama ba, balle taku kaza. Da kicin ɗin gidanmu take yi mini kwatance. Duk inda na tsaya, a ƙofar kicin nake tsaye ina kallon ciki. Tebur yana gabana kusa, taga tana gaba da shi, bayan taga bishiyar tuffa, bayan tuffa akurkin kaji, wanda sai ranar da iska ke bayana jifata ke kaiwa. Dama murhu, hagu kantar littattafaina. In kifi ya bi hagu takan ce, "Ya shiga littattafanka, Athol, yi sauri kafin barci ya kwashe shi." In kuma ya ɗago ya ɗauki ƙudan, da yake ta san ni da gaggawar fizga tun bai rufe baki ba, sai ta ce, "Bar baƙo ya rufe ƙofa."

Na ɗauka wannan abu namu ne mu biyu. Ba mu haihu ba, ba mu tara abin kirki ba, amma muna da kicin da muke shimfiɗawa a kan kowane ruwa a ƙasar nan, ba wanda ya san ƙofar shigarsa. Muna kuma da gardama ɗaya da ba ta tsufa: kifin na wa ne? Ita ta ce na wanda ya gan shi ne. Ni na ce na wanda ya jefa ne, ina kawo hujjoji daga tarihi da shari'a, don na ƙarar da rayuwata ina koya wa 'ya'yan manoma tarihi, ba na rasa hujja ko da ba ni da gaskiya. Ta tafi ba mu gama ba. Wannan ma ina riƙe da ita a kai.

A farkon Janairun bana, tsakiyar bazararmu a nan, na yanke shawarar bari. Na fito da sandunan na jera a kan tebur, zan kai wa ƙungiyar masunta ta gari su raba wa wanda suka ga dama. Ina cikin goge su na ji a-kori-kura ta tsaya a waje, irin tsayuwar da ke nuna ba birki ne ya tsayar da ita ba, shingen furannina ne.

Royce ne, ƙanin Noreen. Shekararsa saba'in, ya yi rayuwarsa yana aske tumakin mutane, ba ya karanta komai sai sakamakon tseren dawaki. Bai taɓa yafe mini auren yayarsa ba, ni ma ban nemi ya yafe ba. Ba mu taɓa zuwa kamun kifi tare ba. Shi ba ya buƙatar kowa, don Allah ya haɗa masa ido da hannu, rabon da har yau ban ga adalci a cikinsa ba. Sai 'yan shekarun nan ciwon nan mai sa jiki rawa ya kama shi, ya fara da hannun dama.

Ya shigo ba ko ƙwanƙwasawa, kamar kullum, don a gidan aka haife shi, kuma bai taɓa yarda ya zama nawa ba. Ya dubi sandunan, ya dube ni.

"Farfesa, gwanjo ake yi, ko mutuwa za ka yi?"

"Da mutuwa ce da na aika maka, ka samu abin murna. Zauna kafin ka fasa mini wani abu."

Na zuba masa shayi rabin kofi, don cikakke ba ya kai masa baki. Ya lura, ya ja kofin gabansa.

"Tania za ta zo ƙarshen wata ta kwashe ni," ya ce. Tania 'yarsa ce, tana aikin jinya a Melbourne. "Wai na ƙona tukunya biyu. Ɗaya ce, ɗayar da ma a ƙone take. Ta gyara mini ɗaki a bene, can sama inda ko tsuntsu ba ya zuwa. Ta ce akwai kifaye a cikin akwatin gilashi a falo, don kada in yi kewa."

"Ka gode Allah. Su ma kifayen sun samu abin kallo."

"Kifi ɗaya nake so, Athol."

Rabon da ya kira sunana tun ranar jana'iza. Na ajiye tsumman da ke hannuna.

"Ɗaya tak, daga tafkin Kwano, kafin a tsallaka teku da ni. Sanda ta fi ƙarfina yanzu, in na ɗaga ta sai ka ce ina korar zuma. Amma idona yana nan. Ni in gani, kai ka jefa."

"Wa ya ce maka ina buƙatar mai gani?"

Ya yi dariya har shayin ya zube duk da dabarata.

"Haba mijin yaya! Kai da ko saniya aka sa maka a baho sai ka tambayi inda take? Duk garin nan an sani. Har mai gidan mai ya sani. Kara ake yi maka, don Noreen ta ce duk wanda ya faɗa a gabanka zai gamu da ita."

Shekara da shekaru ina ratsa titin garin nan da ƙudaje soke a jikin hulata, ina amsa gaisuwa da ka kamar gwani, ashe kallon makaho mai sa'ar mata ake yi mini. Na ɗauki sandar da na fi so na mayar cikin kubenta.

"Ranar da gari ya waye ba gajimare," na ce. "Kuma ni zan tuƙa."

Mun jira fiye da mako. Ranar da ta zo, ta zo da kyau: sama shuɗiya tas, iskar arewa mai ɗumi tana busawa kaɗan, daidai wadda za ta karkaɗo ƙwari daga bishiyoyin turare ta zuba su a ruwa. Kwano ba sunansa ke nan a taswira ba. Baban su Noreen ne ya laƙaba masa, don zagayayye ne kuma ba zurfi. Daga inda hanyar mota ta ƙare tafiyar sa'a guda ce ga masu lafiya. Mu sai da rana ta yi sama sosai muka isa. Royce yana tafe da 'yan gajerun taku, sandar dogarawa a hagu, bakinsa bai huta ba: dokin da ya ci amanarsa ranar Asabar, karensa da ya mutu, likitansa da ya ce ƙuruciya ta yi wa yawa. A tsakiyar labarin likita ya damƙe ni ta wuyan riga. Baƙin maciji ne kwance a kan hanya yana shan rana, saura kaɗan in ɗora masa takalmi.

"Ka ga abin da nake faɗa?" ya ce. "Wannan ma a tudu ke nan."

Na karanta littattafai da yawa a kan wannan sana'a ta marasa aikin yi, kuma duk marubutansu sun ce tana koya wa mutum haƙuri. Ƙarya ne. Na san masunta da yawa, ban ga mai haƙuri a cikinsu ba. Abin da take koya maka shi ne yadda za ka tsaya wuri ɗaya da rashin haƙurinka ba tare da ya motsa ruwa ba. Amma da na sa wandon roba na shiga, sanyin ruwan ya matse mini ƙafafu, na ji ƙamshin laka da ganyen turare, sai hankalina ya ɗan kwanta. Na ɗaura Jan-wutsiya a bakin zaren, ƙudan da kowa ke fara ɗaurawa a nan: ciki na gashin ɗawisu, wutsiya ta jan ulu, kwala ta gashin wuyan zakara. Bai yi kama da wani ƙwaro da Allah ya halitta ba, amma kifi bai taɓa ƙorafi ba.

Royce kuwa sai da na tura shi daga baya kamar buhun ulu kafin ya hau dutsen. Ya zauna, ya sa tabarau, ya ja hula. Abin mamaki, ya yi shiru.

Ba a daɗe ba ya fasa shirun.

"Ga shi! Ga shi can!"

"Ina?"

"Can! Inda nake nunawa!"

Na waiwaya. Yatsansa yana nuna tafkin gaba ɗaya, daga wannan gaɓa zuwa waccan, har da wani yanki na sama.

"Royce, yatsanka ya nuna mini rabin Tasmania."

"To hagu! A'a, haguna, ba naka ba! Kai, ka juyo mana, ka daina kallona! Shi ke nan. Ya gan ka. Ya tafi."

Ya dubi hannun, ya cusa shi a hammata ya matse. Na so in ce wani abu, amma duk abin da ya zo bakina mai kaifi ne, don shi kaɗai na tanada. Na juya na ci gaba da kallon fuskata a ruwa.

An ɗauki lokaci. Ƙudaje masu cizo suka same mu. Wani walabi, dabbar nan mai tsalle a kan ƙafafun baya, ya fito daga ciyawa ya dube mu, ya ga ba abin koyi, ya koma. Sai na ji Royce, muryarsa ta sauka ƙasa, ba hayaniya.

"Farfesa, kada ka motsa. Babba ne. Yana tuffa. Yana tahowa. Ya shigo taga. Ya karkata murhu. Murhu, Athol, murhu!"

Hannuna ya riga kaina ji. Igiya ta tashi baya, ta miƙe gaba, ƙuda ya sauka a dama a hankali kamar toka. Jifa ce da zan so a rubuta a kan kabarina. A hagu kuwa, inda inuwar igiyata ta gifta, ruwa ya tsage, wani abu mai tsawon hannu ya bar wurin a guje, laka tana tashi a bayansa.

Sai a lokacin maganar ta iso kaina. Na juyo.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Na ce murhu! Bayan makanta har da kurumta?"

"Murhu na jefa. Na ce wa ya koya maka?"

"Murhu yana hagu!"

"Murhu yana dama. Yau da safe na dafa ƙwai a kansa."

"A gidan uwata murhu yana hagu! Yana nan a hagu tun kafin a haife ni, har wani mai ilimi ya zo ya tumɓuke shi ya kafa katakon littattafai, kamar littafi zai dafa wa mutum dankali!"

Wannan gaskiya ne. Da uwarsu ta rasu muka koma gidan, abin da na fara yi shi ne fitar da tsohon murhun ƙarfe mai cin itace, wanda ke cika gida da hayaƙi, na sa na lantarki a ɗaya gefen, na jera littattafaina a gurbinsa. Royce ya yi shekara ba ya yi mini magana, shekarar da har yanzu nake tunawa da daɗi. Bayan haka ne Noreen ta fara koya mini kamun kifi.

Na fito daga ruwan na zauna a gindin dutsen. Royce ya zame ya sauko. Na buɗe fulas, na raba burodi da naman rago, muka ci ba mai kallon wani.

"Baba ne ya ƙirƙiro shi," ya ce can, baki cike. "Idonsa ya lalace a aikin fasa dutse na madatsar ruwa. Noreen tana 'yar ƙarama yake ɗora ta a kan dutse ta duba masa. Ba ta san hagu da dama ba, amma ta san inda murhu yake, don can ake ajiye kwanon biskit. Da na taso ni ma aka ɗora ni. A nan ma, a kan wannan dutsen. Ba ta taɓa gaya maka ba?"

"A'a."

"To ai ba ka tambaya. Kai bayani kawai ka iya."

Na dubi ruwan. Kicin ɗin da na ɗauka mu biyu muka gina, wanda bazara biyu nake tsaye a ƙofarsa ina jiran murya, ashe na wani tsoho ne da ban taɓa gani ba sai a hoto, kuma wannan mai askin tumakin ya riga ni shiga.

"Ashe haya aka ba ni," na ce.

Royce ya ci gaba da tauna. Yana tauna tunani kamar yadda yake tauna nama, a hankali, da ƙara.

"Tsaya tukuna. Kai in ta ce murhu, dama kake jefawa?"

"Dama."

"Hagu kuma fa?"

"Littattafai."

"Littattafai!" Ya buga cinya da hannun mai lafiya. "Kai, Noreen! Ka san mukan zo mu biyu, lokacin da kake gida kana zubar da jinin jan biro a takardun 'ya'yan mutane. Har bazarar da ta kwanta, in ta duba mini, murhu hagu ne, dama kabad ɗin kwanuka. Ko sau ɗaya ba ta taɓa kuskurewa ba. Ashe kicin biyu take ɗauke da su a ka." Ya girgiza kai, ban da girgizar da yake yi da kansa. "Baba ya taɓa murɗe mini kunne don na ce kifi yana wajen rediyo. Ya ce ba a taɓa kicin, yadda yake haka zai zauna. Ita kuwa ta ɗaga murhu sukutum ta kai shi ɗaya gefen saboda kai, har ta shigar da littattafanka cikin tafkin Baba. Ni ko kujera ba ta taɓa matsar mini ba. Haya! Wane ɗan haya ake rushe wa bango?"

Na yanka kek na ba shi, na sa nawa a baki. Na kanti ne, busasshe, shi ya sa na daɗe ina taunawa.

Da na ɗaga kai na ga abin da Royce ya riga ni gani. Gajimare ya taso daga yamma, dogon bango fari da toka-toka, yana tahowa ba gaggawa. Da zarar ya rufe rana, ruwan zai koma kamar faranti na azurfa, ko idon Royce ba zai huda shi ba. Kuma a wannan tudu in yamma ta ɓaci, takan yi mako biyu ba ta shirya ba, har dusar ƙanƙara takan zubo a tsakiyar bazara. Kafin ta shirya Tania ta zo.

"To, da wane kicin za mu yi?" na ce.

"Ni na tsufa da koyon sabon gida, Farfesa. Wanda za a kai ni ma ya ishe ni."

Na sake tura shi kan dutsen. Na koma cikin ruwa, na warware igiya, na busar da Jan-wutsiya da iskar bakina. Sannan na yi abin da bai rage ni da komai ba, na rufe ido.

Na san tsohon kicin. Na taɓa tsayawa a ƙofarsa da kyau, ranar da na fara zuwa gidan, ina sabon malami, ruwan sama ya jiƙa ni sharkaf, ina rungume da littafi a cikin kwat don in ba Noreen kyauta, a gidan da kifi ko rago ne ake ɗauka kyauta. A hagu uwar tana tsaye gaban murhu ta ba ni baya, itace yana ƙara a ciki. A dama kabad da shuɗɗan farantai. A ƙasa kusa da murhun wani yaro mai ƙurajen fuska yana cire wa kare kaska, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Wannan ne?" A can ƙarshen tebur kuwa, ta wajen taga, kusurwar da ke kallon murhu, Noreen tana feraye dankali. Ta dubi littafin, ta dubi takalmina, ta ce in goge ƙafa.

Na buɗe ido. Inuwar gajimare ta riga ta cinye gaɓar da ke tsallake. Ina kallonta tana tahowa a kan ruwa kamar ana jan bargo.

"Royce."

"Yi shiru, ina aiki."

Inuwar ta cinye tsakiyar tafkin. Iska ta juya, ta yi sanyi. Na ji hannun nan nasa yana kaɗa jikin wandonsa, kaf-kaf-kaf, kamar tsuntsu a keji.

"Ga wani," ya ce a hankali. "Taga, ta wajen kabad. Kiwo yake, bai san da mu ba. Kada ka jefa tukuna. Ya ɗauki wani abu. Ya juyo. Yana ratsowa ta bayan tebur. Athol, kujerar Noreen. Ajiye masa a kujerar Noreen."

Ban yi lissafi ba. Wurin nan na san shi fiye da tafin hannuna. Igiya ta tafi sau ɗaya, zaren ya miƙe, ƙudan ya zauna a kan ruwa, ɗan jan wutsiyarsa a sama. Ban ga komai a ƙarƙashinsa ba, sai hoton gajimare. Na tsaya da rashin haƙurina. Can sai ruwan ya kumbura kaɗan, wani baƙin hanci ya fito ba gaggawa, baki ya buɗe fari, ƙudan ya ɓace. Duk jijiyar hannuna ta ce in fizga.

"Bar shi," in ji Royce, kamar mai lallashin doki. "Bar baƙo ya rufe ƙofa. Bar shi. Yanzu!"

Na ɗaga sanda, ta lanƙwashe har hannu. Kwarkwaron igiya ya kwarma ihu, sautin da na yi zaton ba zan sake ji ba.

"Ya yi tuffa!" Royce ya miƙe tsaye a kan dutsen, abin da likitansa ba zai so ya gani ba. "Ya wuce akurki! Ya shiga gidan maƙwabta! Sakar masa, tsohon banza, kada ka tsinke mini shi! Ɗaga sanda! Wa ya koya maka riƙo haka?"

"Yayarka! Rufe mini baki!"

Kifin ya yi tsalle sau ɗaya, can nesa, ya faɗo da ƙara kamar an jefa itace. Ya nufi ciyawar ruwa na karkato shi, ya dawo kaina a guje har igiya ta yi sako-sako na ɗauka ya tafi, sannan ta sake miƙewa. Ban san lokacin da Royce ya sauko ba. Na dai ji fantsamar ruwa, na gan shi a gefena har cinya, da takalmin tafiya da wandon gida, ya ciro koma daga bayana ya riƙe da hannu biyu. Komar tana rawa kamar tutar makaranta. Na jawo kifin, ya kai masa sura ya kuskure. Na sake jawowa, bakin komar ya bugi zaren, saura kaɗan ya tsinke.

"Ba zan iya ba," ya ce. "Karɓi abinka."

"Nutsar da ita cikin ruwa ka bar ta a nan. Ruwa zai riƙe maka. Ni zan kawo shi."

Ya nutsar. Na ɗaga kan kifin, na jawo shi a kwance a kan ruwa, a hankali, har ya haye bakin komar.

"Ɗaga, yaro."

Ya ɗaga. A daidai nan rana ta rufe.

Namiji ne, tsoho, mai lanƙwasasshen muƙamuƙi irin na masu gardama. Cikinsa ruwan man shanu, bayansa launin laka, gefensa ɗige-ɗigen baƙi da ja, kowane ja da farin zobe. Muka tsaya mu uku muna haki. Na cire ƙugiyar daga gefen bakinsa. Royce yana kallonsa kamar zai haddace shi.

"To," ya ce can. "Ka kama, Farfesa. Kifinka ya yi kyau. Na gode da ka bar ni na kalla."

"Naka ne."

"Kai ka jefa."

"Na wanda ya gani ne. Haka dokar gidan take."

Ya cire tabarau ya dube ni. Idanun Noreen ne sak, abin da shekara hamsin nake ƙin lura da shi.

"Ka san abin da kake faɗa kuwa? Na san gardamar nan, ta sha ba ni labari. In wannan nawa ne, to duk na baya nata ne."

"Na sani."

"Ke nan kai, tunda uwarka ta haife ka, ba ka taɓa kama kifi ba."

"Ko ɗaya."

"Kash! Da ma tana nan ta ji."

"Da tana nan da ban faɗa ba."

Ya yi dariya har sai da na riƙe shi ta ɗamara don kada ya zauna cikin ruwa. Da ya lafa na tambaye shi ko za mu tafi da kifin, Tania ta gasa masa.

"A kai shi Melbourne? Laifin me ya yi?"

Ya sunkuya ya sa hannu biyu cikin komar, ɗaya a ƙarƙashin ciki, ɗaya a wutsiya, ya fito da shi ya riƙe cikin ruwa, kansa yana fuskantar iska. Hannuwan ba su daina rawa ba, kifin kuwa bai damu ba. Ya daɗe a haka, yana buɗe kumatu yana rufewa, Royce yana yi masa wata magana da ban ji ba kuma ban tambaya ba. Sannan wutsiyar ta motsa, yatsun suka buɗe.

Nan take ya ɓace mini, kamar kullum.

"Ina ya yi?" na ce.

"Murhu."

Na duba. Ban ga komai ba, sai ruwa mai launin toka da ɗigon yayyafi na farko. Amma hagu na duba.